Ƙulli Biyu, Rawaya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara duka. Yaya 'yarmu da nauyin jiki? Allah ya raba su lafiya. Ƙafar taki fa, kumburin ya sauka?

Kin ce in riƙa kiranki a waya. Na gwada, kin kuma ga yadda ake ƙarewa. Da na ji muryarki kuka ke riga ni magana, ki ɓige da lallashina, mu rabu ba a faɗi komai ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Tun da aka ba mu hutu a makarantar da nake koyarwa na kwaso kayana na dawo wurin Inna. Abin da na tarar ya fi abin da aka gaya mana. Yaya, ina tsoron gigin tsufa ne ya fara kama ta. Ran da na iso na tsaya a ƙofar ɗakinta, tana kallona sosai amma ba ta ce komai ba, sai da na yi sallama ta ce au, Auta ce. Matar tela, da suka yi shekara da shekaru katanga ɗaya, ta leƙo, Inna ta yi mata gaisuwar baƙuwa. Ta zuba mini gishiri a shayi. Ta daina zuwa kasuwa, ita da ba ta yarda kowa ya zaɓo mata zare. Da rana tsaka, lokacin da kowa ke neman inuwa, sai ta jawo kujerarta tsakar gida ta zauna cikin rana da kwandon ulu, in na yi magana ta ce sanyi take ji. Rannan ta ɗago dunƙulen zare ja jawur ta tambaye ni wane launi ne wannan. Na ba ta amsa, na shige kicin na zauna.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne 'yan tsananta. Ke da ba ki taɓa zama kin koya ba, kullum ana ɗauko zare kanki ya fara ciwo, bari in tuna miki. Bargon da take saƙa wa jikanki mai zuwa mai agwagi ne, rawaya a kan ruwa shuɗi, bakinsu ja, ga ciyawa koriya a gefe. A irin wannan saƙa kowane launi da nasa zaren a kowane wuri, in aka ja daga manyan dunƙule sai su sarƙe. Don haka take naɗa ƙanana da hannu. Za ta danne bakin zaren a tafin hannu, ta riƙa kai shi tsakanin babban yatsa da ƙarami tana gittawa kamar mai rubuta takwas, in ya isa ta zare shi daga yatsun, ta yanke, ta ɗaure masa ƙugu da jelar. Sai ki ga abu kamar 'yar tsana ta ci ɗamara, tana reto a bayan saƙa, zaren na fitowa daga cikinta kaɗan-kaɗan. Na Inna kuwa kin san su, kansu ɗaya kamar ƙwai a kiret, kuma babu ƙulli ko ɗaya. Sau nawa ta buge mini hannu da kwarashi a kan ƙulli, tana cewa aikin malalata ne.

To yanzu ki zo ki ga kwandon. Wata doguwa, wata gajera, wata jelarta zarar-zarar, ga ƙulle-ƙulle kamar yaro ya yi wasa da su. Da na gan su na ce a raina shi ke nan, hannun ma ya manta.

Sai ga babban wanmu Injiniya ya aiko zai zo ranar Asabar. Kin san shi, in ya ga abu da idonsa ya gama yanke hukunci. Don haka ana gobe zai zo, Inna na barcin rana, na ɗauke kwandon na kai ɗakina. Na kwance ƙullin nan kaf, na warware su na sake naɗawa, kai ɗaya, tsaf, yadda ta koya mini. Nufina kada ya gani ya samu abin kamawa. Da ta tashi ta sa hannu a kwandon, ta laluba, ta sake lalubawa, ta yi jim, ba ta ce uffan ba. Ni kuwa na ɗauka daɗi ta ji.

Da ya zo ta tare shi da fara'a, ta jawo bargon tana saƙa suna hira, kwarashin na gudu kamar da. Ni ina kicin har ina murna. Can sai na ji ya ƙwala mini kira. Yaya, agwagwar da ta faro rawaya ta koma koriya daga wuya zuwa sama, bakinta shuɗi, ruwan da take ciki ya zama ruwan ƙasa. Ya nuna mata da yatsa ya tambaye ta launin agwagwar nan. Ko ɗar ba ta yi ba ta ce, "Rawaya mana. Kai ma tsufan ya fara taɓa ka ne?"

Ya dube ni, na dubi ƙasa. Nan take, a gabanta, kamar ba ta wurin, ya ce ƙarshen wata zai zo da mota. Ya riga ya sa an yi wa ɗaki fenti a gidansa, wannan gidan kuma a rufe shi.

Ba mugunta ba ce, na sani. Tsoro yake ji kada wata rana ta bar gas a kunne. Amma kin san gidansa, hawa na uku, kowa ya fita aiki tun safe, sai ƙarar firji. Kin kuma san Inna da gidan nan, da bishiyar lemonta, da matan da ke leƙowa koyon saƙa. In aka raba ta da nan ban san me zai rage mata ba. Ni kuma ba ni da bakin hana shi, don ni ma na ga agwagwar.

Ki taya mu da addu'a. Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Sauran gaisuwar ki bi ni bashi, don bakina cike yake. Ki nemi wuri ki zauna. Kan Inna ƙalau yake. Ƙalau, Yaya! Wallahi ya fi nawa.

Bayan tafiyar Injiniya ta yi kwanaki ba ta taɓa bargon ba, abinci ma sai tsakura. Ranar Talata da rana na je kanti sayo sabulu, a hanyar dawowa takalmina ya tsinke, na shigo gida da shi a hannu. Shi ya sa ba ta ji takuna ba. Tana zaune cikin ranar nan tata da kwandon a gefe. Har na buɗe baki zan yi mata mita, sai na ga abin da take yi, na tsaya.

Za ta ɗauko 'yar tsana ɗaya, ta kai ta idonta na hagu har ta kusa taɓa gashin ido, ta karkata wajen rana, ta daɗe a haka. Sannan ta ƙulla jelar ta ajiye a cinya. Ja, ta yi ƙulli ɗaya. Ta ɗauko wata, ja ce ita ma, ƙulli ɗaya. Rawaya, ƙulli biyu. Koriya ta warware ta, ta sake naɗawa a yatsa biyu na kusa da juna, ta fito gajera. Shuɗiya ta bar mata doguwar jela. Akwai wasu biyu, shuɗiya mai duhu da mai ruwan ƙasa, da ta juya su ta juya su, ta yi tsaki ta ajiye su a ƙarƙashin kujera.

Na matso na durƙusa a gabanta. Inuwata na faɗawa kanta ta zabura ta ce, "Wane ne?" Tsakanina da ita bai kai tsawon hannu ba, kuma ina sanye da rigar nan tawa mai ruwan lemo da kike cewa ana hango ta daga wata unguwa.

Na rufe idona na sa hannu a cinyarta na lalubo ɗaya. Na ji ƙulli biyu, na ce rawaya da ƙarfi, na buɗe ido, rawaya ce. Na sake rufewa, na ji gajera, na ce koriya, koriya ce. Na yi ta yi kamar wata yarinya, ban kuskure ko sau ɗaya ba. Sai ga ni zaune dirshan a kan siminti mai zafi, dariya da kuka sun haɗe mini, ban san wanne nake yi ba.

Ita kuwa ta ɗaure fuska ta ce, "To, kin gano. Sai ki tashi ki je ki gaya wa wanki."

Na ja ta muka koma inuwa, ta ba ni labari. Ya fi shekara tana ganin duniya kamar ta cikin hayaƙi. Idon dama ya tafi, sai haske da duhu kawai. Na hagu yana ɗan taɓukawa in rana ta take, shi ma sai abu ya zo dab. Fuskar mutum ba ta ganinta, sai ya yi magana. Gishiri da sukari a kwalba iri ɗaya suke, ni ce ma na sauya musu wuri da nake gyaran kicin. Kasuwa kuma tsallaka titi ya gagare ta. Saƙa dai hannunta ya san hanya, ko a duhu za ta yi, launi ne kaɗai ya tsaya mata. Shi ne ta zauna ta ƙirƙiro wa kanta dabara: da rana ta tantance launi ta sa wa kowace 'yar tsana alama, in ta koma ɗaki yatsunta su gaya mata sauran. Ƙullin nan da na kalla na ce hannunta ya manta, ashe da su take gani. Ni kuma da ƙwazona na zauna na kwance su tas.

Na tambaye ta me ya sa ba ta yi magana ba da ta ji an taɓa kwandon. Ta ce in ta ce wa ya kwance mata ƙulli, sai a ce ƙullin na mene ne, daga nan asiri ya tonu. Ga Injiniya zai zo washegari, ba ta da lokacin sake tantancewa, kuma tana son ya tarar da ita tana aiki. Sai ta yi ta cinke. Ta ce tun da ta taɓa ta farko ta san hannuna ne, don har yanzu ina shaƙe wa zare ƙugu kamar mai ɗaure buhu.

Da na ce to me ya sa tun farko ta ɓoye mana, sai ta kawo zancen Kaka. Mu ba mu yi wayo sosai ba lokacin, amma ita ta gani. Da idon Kaka ya rufe aka shimfiɗa mata tabarma a lungun ɗaki, aka karɓe wuƙa, aka karɓe allura, ko ruwa sai an miƙo mata. Duk don ƙauna aka yi. Inna ta ce ta kalli uwarta tana zaune hannu a cinya har ta bar duniya. Ta ce niyyarta ta gama bargon nan tukuna, sannan ta faɗa, a yi duk yadda za a yi da ita.

Don in ƙara samun natsuwa na ɗan gwada ta da tambayoyi a fakaice. Nan da nan ta gane, ta ce in daina yi mata jarrabawar 'yan aji ɗaya. Ta jero mini jikokinta da ranakun da aka haife su. Ta kuma ce in gaya miki ba ta manta da almakashinta mai baƙin hannu da kika ce aro kika yi ba.

Na kira Injiniya. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce Auta, ƙullin zare ba shaida ba ne, kina ganin abin da kike son gani ne kawai. Kuma ko da idon ne, wadda ba ta gani ba za ta zauna ita kaɗai ba. Maganar mota tana nan. Amma ya yarda mu kai ta wurin likitan ido, shi ma zai zo. Saura Inna, da ta kafe ita ba mai taɓa mata ido da ƙarfe. Don Allah ki kira ta, tana jin maganarki fiye da tawa.

Duk da haka, Yaya, jiya na ci abinci har na ƙara. Uwata tana nan, ba ta je ko'ina ba.

A gaida maigidan da yara, a shafa mini kan ƙaramin.

Taki,
Auta


Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, kuma 'yarmu tana samun sauƙin ciwon bayan. Na gode da kiran da kika yi. Ban san me kika gaya wa Inna ba, amma da safe na tarar har ta shirya ta sa mayafinta mai kyau.

Mun je asibitin ido, Injiniya ya ja mu. Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, mai sanyin hannu. Ta ɗiga wa Inna magani, muka jira, sannan ta haska mata wata 'yar fitila ta duba. Ta ce yanar ido ce a duka biyun, ta dama ta nuna sosai. Ta ce aiki ne da suke yi kullum, ido ɗaya bayan ɗaya, kuma a ranar ake komawa gida. Ba ta yi mana alkawarin komai ba, don ta ce sai an cire yanar za a san lafiyar abin da ke bayanta, amma tana da kyakkyawan zato. Injiniya ya rage murya ya tambaye ta batun ƙwaƙwalwa. Ta ce wannan ba fanninta ba ne, sai dai a gyara idon tukuna a gani, don mutane da yawa da aka ɗauka sun rikice duhu ne kawai ya dame su.

A mota za mu dawo, ni da shi muna gaba muna ta shawara, a yi aikin ko kada a yi, wa zai zauna da ita, ina za ta kwana. Sai muka ji murya daga baya. Ta ce idonta ne ya mutu, kunnenta lafiyarsa lau. Ta ce duhun bai taɓa ba ta tsoro ba kamar ranar da ta ji 'ya'yan da ta haifa suna zancenta a gabanta kamar ana zancen tsohuwar kujera, a kai ta can ko a bar ta nan.

Injiniya ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya juyo ya ce ta yafe masa. Ni ma na roƙe ta, don bakina na ciki. Ta bar mu muka gama, sannan ta gindaya sharaɗinta. Ta ce, "Zan yarda a yi. In na gani, ka bar ni a gidana. In ban gani ba, ba sai ka ɗauke ni ba, ni zan shiga motarka da ƙafata." Ya ce ya amince. An sa aikin idon dama ranar Litinin.

Tun daga nan kullum da rana muna tsakar gida, ni da ita, amma yanzu a inuwa. Ni ke faɗin launi, ita ke naɗawa. Ta warware koriyar agwagwar nan bayan na kwatanta mata kamanninta, ta yi dariya har da riƙe ciki. Jiya ta sa ni na naɗa a gabanta, ta karɓa ta matsa a tafin hannu, ta ce in sassauta, ulu in aka ja shi da ƙarfi a naɗi yakan miƙe, in aka wanke saƙar sai ta tsuke. Ta sa na haddace alamunta duka, har ta ƙirƙiro wa ruwan ƙasa tasa. Ta ce in aikin bai yi ba, ni zan riƙa naɗa mata ina aikawa can hawa na uku. Ta faɗe shi ne kamar tana zancen cefane. Ni kuwa na yi kamar zaren ya sarƙe mini.

Ki sa mu a addu'a ranar Litinin. Inna na gaishe ki, ta ce ki daina hawa matakala da ƙafar nan.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yara, ina kuma yi wa 'yarmu sannu. Na san Injiniya ya riga ni a waya, amma shi labarinsa kalma uku ne, an yi, lafiya. Bari ki ji yadda aka yi.

Aikin bai daɗe ba. Ni ce dai na ga kamar an shekara, na yi ta safa da marwa a baranda har wata ma'aikaciya ta ce in zauna ina sa ta jiri. Aka fito da Inna da filasta a ido, tana mitar an hana ta shayi. Washegari muka koma a buɗe. Likitar ta ɓare filastar a hankali, ta goge mata idon, ta ce ta buɗe. Ni ina tsaye na riƙe jakarta da hannu biyu. Inna ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, hawaye na zuba. Sai ta ce wa likitar, "'Yata, 'yan kunnen nan naki sun yi miki kyau."

Na zauna a kan gadon gwaji. Ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Auta, furfura? Yaushe?" Ta waiwaya wajen Injiniya ta dube shi sama da ƙasa, ta tambaye shi tumbin nan duk nasa ne shi kaɗai. Babban mutum ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa, ban san dariya yake ko kuka ba, ban kuma tambaya ba.

Tun da muka dawo gida ban huta ba. Ta ga yanar gizo a bayan ƙofa, ta ga labulen da ya koɗe, ta ga tabon mai a bangon kicin, ta ce ashe a cikin ƙazanta muka bar ta. Likita ta hana ta sunkuyo da ɗaukar nauyi, don haka ta zauna a kujera da baƙin tabarau tana nuni da kwarashi, ni ina shara. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba. Da aka ba ta izinin taɓa zare, ta ɗauko dunƙulen shuɗi ta ɗora a cinya, ta yi ta kallonsa, ta ce ta manta haka shuɗi yake. Bargon ya kusa, saura layin agwagi ɗaya da baki. Idon hagu kuma sai nan gaba kaɗan, yanzu ita ke tambayar yaushe za a yi.

Ƙarshen wata Injiniya ya zo da motar kamar yadda ya ce. Da na ji tsayuwarta na ɗauka ɗaukar Inna ya zo yi, duk da na san an yi magana. Ya buɗe but ɗin motar, sai ga ƙwayayen fitila masu haske, da sabon murhun gas irin mai kashe kansa, da ƙarfen dafawa na banɗaki. Ya tuɓe riga ya hau tsani da kansa, ya wuni yana ɗaure-ɗaure. Da ya sauko zai huta Inna ta ce ya miƙo hannuwansa, ta rataya masa sabon zare, ta shiga naɗawa a yatsunta. Ya zauna a ƙasa a gabanta hannu a miƙe, wayarsa na ta ƙara a aljihu ba damar ɗauka. A haka ya ce mata ɗakin da aka yi wa fenti yana nan, duk ran da ta ga dama ta zo ta kwana biyu. Ta ce za ta duba, in ba ta da aiki.

Jiya kuma ta sallame ni. Ta ce hutu ya ƙare, in tattara in koma gidana, ta gaji da baƙi. Na ce in ƙara ko mako ɗaya, ta ce ko kwana. Matar tela za ta riƙa ɗiga mata magani safe da yamma, sun riga sun gama magana ba da sanina ba. Ta rako ni har bakin titi, ita ta tsayar mini da tasi, ta ƙi ta farko wai tayarta ta gaba ta suɗe. Da muka tashi na waiwaya ta gilashin baya. Ta tsaya ta duba hagu da dama, ta tsallaka titin ita kaɗai, ta shiga gidanta ta rufe ƙofa.

Daga ɗakina nake rubuto miki wannan. Ki gaida kowa, Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta